Taron Otal Ba Ya Kunna Fitila A Ɗan Issa

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Jibiya bayan sallar magariba ya san inda makamashin wannan yanki yake. Yana cikin kwalaben man fetur da ƴan ruwa-ruwa suka jera a bakin titi, yana kan amalanken itacen da ya fito daga dajin Baban Rafi, yana kan teburin mai cajin waya wanda ya jingina farantin sola a jikin rumfa tun da hantsi, yana kuma cikin rurin injin ban ruwa a fadamar Gulbin Maraɗi. Kusan duk hannun da ke riƙe da waɗannan sana'o'i hannun matashi ne. Amma ranar da za a zauna a yanke wane ƙauye za a kai wa wuta, nawa za a sayar da ita, wa za a ba kwangila, wa zai gyara in ta lalace, da wuya a ga ko ɗaya daga cikinsu a zauren. Su ne masu ɗaukar kaya, wasu ne masu yanke farashi.

Kwanan nan an samu sabon yayi a bakin masu ayyukan raya ƙasa: shigar da matasa cikin harkar makamashi mai tsabta. Magana ce mai daɗin ji, kuma ba wanda zai ƙi ta. Sai dai kowane ma'aikacin gwamnati da ya taɓa karɓar takardar gayyata ya san yadda irin wannan shigarwa take ƙarewa. A kama zaure a otal na kwana biyu, a rataya ƙyalle mai rubutun Faransanci, a raba riga da hula, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi kuɗin zama, a ɗauki hoto, sannan a karanta shawarwarin da aka riga aka rubuta tun kafin baƙi su iso. Injin da ya ba zauren sanyi da man gas yake aiki. Matashin da aka ɗauko daga Ɗan Issa ya koma gida da hula, ƙauyensu kuma yana nan cikin duhun da ya bari. Wannan ba shigarwa ba ce, ado ne. Shigarwa ta gaskiya abu uku take nufi: kujera mai ƙuri'a, ido a kan littafin kuɗi, da aikin da ake biya. Wanda bai shirya ba da waɗannan ba, gara ya daina ɓata sunan matasa a cikin rahotonsa.

Domin a gane cewa lamarin ya wuce wasa, sai a tuna da shekarar 2023. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin ƴan kwanaki farashi ya ninka kusan sau uku a can, ribar da dubban samarin bakin iyaka ke ci da iyalinsu da ita ta narke. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bisa takunkumin CEDEAO. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa take bi. Sai a watan Maris 2024 wutar ta dawo. A cikin waɗannan watanni mai sayar da ƙanƙara ya zubar da jarinsa, tela ya zauna yana kallon kekensa, mai walda ya sallami yaransa, ma'aikaci ya je ofis ya tarar da na'ura a mace. A watan Maris 2025 kuma ƙasar da ke da matatar mai ta SORAZ tun 2011 ta wayi gari da dogayen layuka a gidajen mai. Darasin bai da wuyar karantawa: wanda makunnin fitilarsa ke ɗakin maƙwabci, da izinin maƙwabci yake gani.

Su wa suka fi shan wannan wuya? Ƙaramar hukumar Ɗan Issa tana da sama da mutum dubu 90 tun a ƙidayar 2012, kuma kamar sauran ƙasar, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Gonaki sun tsuke, gado ya rarrabu har ya koma ƴan kadada kaɗan, iyaka kuma yau a buɗe gobe a rufe, kamar yadda aka gani daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Da aka ji labarin zinariya a yankin a 2021, samari suka kwarara can da diga da igiya, ranar 7 ga Nuwamba na wannan shekara ramuka suka rufta a Garin Liman, mutum 18 aƙalla suka rasu. Ba son zinariya ya kai su cikin rami ba. Da akwai wutar da za ta juya injin niƙa, ta ja ruwan lambu da rani, ta riƙe firjin mai kifi da mai nono, da yawa daga cikinsu suna da abin da zai tsayar da su a gida. Maganar makamashi a Ɗan Issa maganar abinci ce da rai, kafin ta zama maganar sauyin yanayi da ake yi a manyan biranen duniya.

Abin takaici shi ne, arzikin yana sama yana dukan kowa a ka. Wannan yanki yana samun hasken rana wajen awa 3,000 a shekara, farashin farantan sola kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya tsakanin 2010 da 2020. Duk da haka, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara abin ya fi haka muni, gidaje fiye da 9 cikin 10 kuma da itace suke girki. Ba a ce ba a yi komai ba. An buɗe tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a 2023 a daidai lokacin da ake tsananin buƙatarta. An kafa hukumar ANPER a 2013 domin kai wuta karkara, da hukumar ARSE a 2015 domin sa ido a kan farashi da ƙa'ida, aka yi sabuwar dokar lantarki a 2016, aka kuma ɗauki alkawarin kai wuta ga kashi 80 cikin 100 na jama'a nan da 2035. Bankin Duniya ya amince da shirin NESAP a 2017, da shirin HASKE na dala miliyan 317 da ɗoriya a ƙarshen 2021. Kuɗi ne masu yawa, wani kaso mai yawa a cikinsu kuma bashi ne, kuma wanda zai biya shi shi ne yaron da yau yake tura kura a tashar Ɗan Issa. Ina adalci a ci bashi da sunan mutum, a hana shi ganin takardar?

Masu adawa da wannan magana suna da hujjoji uku, kuma ya kamata a saurare su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, sun ce harkar lantarki ilimi ce ta injiniyoyi, ba wurin yara ba ne. To, a jihar Maraɗin nan, a garin Tasawa, aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929. Yana da shekara 27 ya ci babbar jarrabawar malanta ta kimiyyar lissafin halitta a Faransa, yana ɗan shekara 35 yana jagorantar ɗakin binciken hasken rana a Bamako, daga 1969 kuma ya riƙe ofishin ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera tukunyar dafa ruwa da murhu da injin da ke aiki da rana tun duniya ba ta waye da sola ba. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa. Ƙasar da ta haifi wannan mutum, ta kuma bari yau ana shigo mata da kowane ƙusa na sola daga waje, ba ta da bakin cewa matsalarta ƙuruciyar matasa ce.

Ban da haka, ilimin da ke kashe ayyukan sola a ƙauye ba na digiri ba ne. Kowane yaro mai cajin waya ya san cewa ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti in ba a goge shi ba, ya san zafin bazara yana cinye batir, ya san faranti zai iya shekara 20 amma batir na dalma da wuya ya wuce shekara 3, ya san siririyar waya da rashin na'urar daidaita caji su ne ke ƙona kaya. Wanda bai san wannan ba shi ne mai zama a ofis, wanda ke rubuta kuɗin saye ya manta da kuɗin gyara. Shi ya sa ƙauyuka suka cika da fitilun titi da suka yi wata shida suna haske suka mutu, da famfunan sola da aka yi bikin buɗewa da kiɗa da jawabi, yau awaki ke kwana a inuwarsu, mata sun koma guga. Da an sa mai gyaran rediyon garin a cikin kwamitin tun farko, tambayarsa ta fari ita ce: in batir ya mutu, wa zai saya, da kuɗin wa?

Hujja ta biyu, sun ce talakan ƙauye ba ya iya riƙon amana, in an ba shi akwatin kuɗi rigima za a yi. Tarihin wannan jiha ya ƙaryata su sau biyu. A watan Agusta 1992, zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadou Cheiffou, aka yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara, aka ba mutanen ƙauye ikon sayar da itacen dajinsu da karɓar haraji a wurin, wani kaso ya zauna a asusun gari, wani ya tafi ƙaramar hukuma, wani baitulmali. Wannan siyasar makamashi ce tsantsa, kuma a hannun manoma aka sa ta. Gaskiya ne ba ko'ina ta yi kyau ba: akwai inda aka wuce ƙa'idar sara, akwai inda mutum biyu ko uku suka zauna a kan asusu. Amma inda ta lalace, rufe littafi ne ya lalata ta, kuma waɗanda aka rufe wa littafin su ne samarin da ke riƙe da gatari. Na biyu shi ne sassabin zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga yankin Maraɗi a shekarun 1980: da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, sai aka wayi gari da bishiyoyi wajen miliyan 200 a kan kadada miliyan 5. Babu aikin gwamnati ko na baƙi da ya taɓa dasa kwatankwacin haka. Mutum yana kula da abin da yake da iko a kansa.

Hujja ta uku ita ce ta tsaro: sun ce gundumar Madarunfa tana fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, yanzu ba lokacin kwamitin sola ba ne. Ai kuwa yanzu ne lokacinsa. Duhu abokin ɓarawo ne, wayar da ba caji ba ta kiran jandarma, ɗakin haihuwar da ba fitila da tocila ake karɓar haihuwa a cikinsa, saurayin da ba shi da sana'a kuma shi ne wanda miyagu suka fi saurin ruɗa. Wanda ya raba maganar wuta da maganar tsaro bai kwana a ƙauyen bakin iyaka ba.

Dattawan da suka ga zamanin Seyni Kountché za su ce ai an taɓa shigar da matasa, ga Samariya. Lalle Samariya ta gina azuzuwa, ta dasa itatuwa, ta share gari, kuma ba wanda zai raina guminta. Amma umurni daga sama yake saukowa, nata aiki da tafi, sau da yawa ma sarkin samarin ya aurar da ƴaƴa. Abin da ya sauya lissafi shi ne abin da matasa suka ƙwata da kansu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a gadar Kennedy, aka kashe uku daga cikinsu, kuma da aka buɗe Babban Taron Ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991, ƙungiyar ɗalibai ta USN a cikin zaure ta zauna, da muryarta da ƙuri'arta. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi maci domin mace ɗaya tak aka sa a kwamitin share fagen taron, sai da aka ƙara musu kujeru. Waɗanda suka yi wannan gwagwarmaya yau su ne manyan daraktoci da masu ritaya. Abin kunya ne a ce su ne za su tsaya a ƙofa suna ce wa ƴaƴansu ba su isa ba.

To, me ake nema? Ba abin da ya fi ƙarfin kantoma da alƙalaminsa. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024, babu zaɓaɓɓen kansila da talaka zai tare a kasuwa ya kai wa kuka, saboda haka buƙatar wani zaure ta ƙaru. A kafa kwamitin makamashi na ƙaramar hukumar Ɗan Issa, a ware aƙalla kujera ɗaya cikin uku ga masu shekara 35 zuwa ƙasa, wato iyakar da Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 ta sa, wadda Nijar ta amince da ita. Rabin waɗannan kujeru na ƴan mata da matan aure matasa ne, domin su ne ke tafiyar neman itace, su ne ke shaƙar hayaƙin murhu, su ne ke daka in injin niƙa ya tsaya. Kada a naɗa kowa daga ofis. Masu sana'a su zaɓi nasu: ƴan ruwa-ruwa, ƴan kabu-kabu, masu lambu, masu cajin waya, masu gyaran lantarki, masu saran itace. In ba haka ba, ɗan wane da ƙanen wane za su cika kujerun, a koma gidan jiya.

Sannan a buɗe littafi. Duk aikin sola da za a yi a yankin, a liƙa takardarsa a ƙofar ofishin magajin gari da Hausa, boko da ajami, a karanta ta a rediyo: nawa aka kashe, wane kamfani, wane irin faranti da batir, garanti na shekara nawa, me ya sa aka zaɓi wannan ƙauye aka bar wancan. Kowace kwangila ta ƙunshi asusun gyara, gyaran kuma a ba ƴan gari da aka horar, da albashi a rubuce. Maraɗi tana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Ɗan Issa. Ɗalibansu su zo su ƙirga famfunan da suka mutu, su gano abin da ya kashe kowanne, a sa wannan a cikin jarrabawarsu. Hukumomin da ke Yamai kuma, kafin su taɓa farashin wuta ko su zana taswirar ƙauyukan da za a haskaka, su sauko jiha su saurari jama'a a fili, da harshen da jama'a ke ji.

Ƴan kasuwa su ma suna da nasu kason, kuma kada su ɗauka wa'azi ake musu, maganar riba ce. A Pakistan, cikin shekarar 2024 kaɗai, an shigo da farantan sola masu ƙarfin da ya kai megawat dubu 17, kuma mafi yawa ba gwamnati ta saya ba, masu shaguna ne da manoma da masu masana'antu da wutar gwamnati ta gallaba. Alhazan Maraɗi da suka san hanyar Kano da Kwatano da Dubai da Sin ba sa buƙatar a koya musu fatauci. Abin da zai kashe wannan kasuwa shi ne jabu: farantin da aka rubuta masa wat 200 alhali bai kai 100 ba, da tsohon batir da aka wanke aka sa a sabon kwali. Manomin da aka cuta sau ɗaya zai gaya wa ƙauye goma cewa sola ƙarya ce. Ɗan kasuwa mai hangen nesa zai ba da rasit da garanti, ya sayar da famfon lambu a biya bayan an kwashe albasa da tumatir, ya ɗauki samari biyu ya koya musu haɗawa, ya karɓi mataccen batir domin kada dalmarsa ta ƙare a hannun yara. Ma'aikatan duwan da ke bakin iyakar Ɗan Issa kuma su sani cewa duba ingancin kaya yana cikin aikin da ƙasa ke biyansu dominsa.

Matasan su ma ba za su tsira daga zargi ba. Wanda ya mai da halartar taro sana'a, yau yana zauren sauyin yanayi, gobe na zaman lafiya, jibi na tsabtar muhalli, yana tara huluna da kuɗin zama, ya zama abokin cin mushen waɗanda ake kuka da su. Kujera ba ta da amfani ga wanda bai san nawa injin niƙan garinsu ke sha a wata ba, ko rijiyoyi nawa suka tsaya, ko nawa mace ke kashewa a itace a mako. Su haɗa ƙungiya, su yi karo-karo daga aljihunsu, su riƙe littafi, su je gaban kantoma da lissafi a hannu. Hukuma tana iya korar mai ihu, amma mai lissafi yana da wuyar kora.

Shekarar 2035 da aka yi wa jama'a alkawari ba ta da nisa. Yaron da ke aji shida a makarantar Ɗan Issa yau, a lokacin magidanci ne, shi zai biya kuɗin wuta, shi zai biya bashin da aka ci, shi zai zauna da injin da aka zaɓa masa ko mai kyau ko maras kyau. Da yawa daga cikin masu sa hannu a takardun yau sun yi ritaya kafin nan. Kowace ranar 7 ga Afrilu ana tunawa da Abdou Moumouni da jawabai a kan makamashin da ake sabuntawa. A bana, maimakon wani sabon ƙyalle a bangon otal, a liƙa takarda guda a ƙofar ofishin ƙaramar hukumar Ɗan Issa, mai ɗauke da sunayen ƴan kwamiti, da shekarun kowa, da sana'arsa, da ranar zaman farko.